A Dawo Da Sarki Alu Daga Lakwaja?

Jiya muna zaune a ofis bayan azahar, aiki ya lafa, sai hira ta kai mu ga ƙoƙunan kai uku da Faransa ta mayar wa Madagaska a watan Agustan 2025. Ana kyautata zaton ɗaya na Sarki Toera ne, wanda sojojin Faransa suka kashe a 1897, suka tafi da kansa Faris. Sai da majalisarsu ta yi sabuwar doka a 2023 kafin a iya fito da shi, don wai a dokarsu abin da ya shiga gidan tarihi ya zama dukiyar ƙasa. Kan mutum fa, jama'a.

Wani abokin aikina ya ce, "To mu kuma me muke jira? A je Lakwaja a ɗauko mana Sarki Alu, a kawo shi Nasarawa cikin 'yan uwansa."

Ga wanda bai sani ba, Alu Babba shi ne Sarkin Kano lokacin da Turawa suka ci garin a 1903. Sun kama shi, suka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya rasu a 1926. Na taɓa ziyartar kabarinsa a unguwar Kabawa da aka tura mu wani kwas. Ba shi kaɗai ba ne, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma a garin ya cika. Wallahi na daɗe a tsaye, jikina duk ya yi sanyi.

Amma duk da haka na ce wa abokina ban yarda ba. Shi Toera a akwati yake, an manna masa lamba kamar fayil. Haka mutum 24 ɗin da Faransa ta mayar wa Aljeriya ƙoƙunan kansu a 2020, haka haƙorin Lumumba da Beljiyam ta ba iyalansa a 2022. Waɗannan ba a yi musu sutura ba, dawo da su shi ne binne su. A Amurka ma, ƙabilun asalin ƙasar sun shekara wajen ashirin suna fafatawa da masana kimiyya, har gaban kotu, kan ƙasusuwan wani mutum da aka tsinta a bakin kogi a Kennewick a 1996. Masana suna cewa bincike, su suna cewa kakanmu ne. Sai a 2017 suka samu suka binne shi. Duk ina bayansu ɗari bisa ɗari.

Alu kuwa yana kabari a cikin musulmi, ƙasa ta rufe shi kusan shekara ɗari. Malamanmu sun koya mana alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce, ba a tono sai da lalura. Mece ce lalurar a nan? Alfaharinmu? Kuma a yadda sarautar Kano take tun 2019, yau a raba masarauta, gobe a rushe, jibi a koma kotu, wa zai shigar da ƙarar, wa zai tarbi gawar? Mu nan Karaye da Rogo mun ga yadda aka ɗaga mu, aka sauke, aka mayar da mu daraja ta biyu a 2024. Ina tsoron bawan Allah ya bar kwanciyarsa a Kabawa ya zo ya zama abin ɗaukar hoto a lokacin kamfe.

Akwai kuma dalilin da ban faɗa a ofis ba. Kakana, mahaifin Baba, kabarinsa yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Challawa. Ina ɗan firamare aka tashi ƙauyenmu, kafin ruwa ya cika a farkon shekarun 1990. An ƙirga gidaje, an ƙirga gonaki, har bishiyun ɗorawa. Maƙabarta dai aka bar ta inda take. Na tuna wani ƙanen Baba ya kawo shawarar a tono a tafi da su, dattawa suka ce a'a, a bar su, Allah ya san inda ya ajiye bayinsa.

Da na girma na yi boko, na taɓa yi wa Baba zancen lauya da diyya. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, nawa za su ba ka kuɗin ubana?" Ban sake tayar da maganar ba.

Har yanzu duk ƙaramar sallah sai na ɗauke shi a mota zuwa bakin dam. Yakan nuna wani wuri da sandarsa, can tsakiyar ruwa inda masunta ke jefa koma, ya ce daidai nan ne. Ni ban ga komai ba sai ruwa, amma mukan ɗaga hannu mu yi addu'a mu dawo. Bara ya ce in riƙa zuwa da babban ɗana, don idonsa ya fara rauni.

Abin da nake ganin Alu ke binmu shi ne kula: a gyara kabarin, a rubuta tarihinsa da Hausa a wurin, makarantunmu su riƙa kai yara. Kuɗin hakan bai kai na hawan sallah ɗaya ba. 'Yan uwa mazauna Lakwaja, don Allah wanda ya je Kabawa kwanan nan ya gaya mana halin da wurin yake ciki.