Kunnen Kawu Da Kwamfutar Yaro

Hausawa na cewa jiki magayi. Wannan magana ba ga mutum kaɗai ta tsaya ba, domin inji ma yana da jiki, kuma yana gaya wa mai kula da shi abin da ke damunsa. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne harshen da yake magana da shi. Da can da tari da hayaƙi da kakkarwa yake kai kuka, yau kuwa da lambobi yake yi, a fuskar kwamfuta.

Kawuna, yayan mahaifiyata, bakaniken katafila ne. A cikin birnin Zariya aka haife shi, kusa da Ƙofar Kuyambana, kuma da sifana ya ciyar da gidansa, ya aurar da 'ya'ya, ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifina. Tun ina yaro nake ganin direbobin gireda da tifa suna sallama a zaurensa da asuba. In aka kai shi gaban inji, sai ya sa a tayar, ya kafa kunne, ya dubi launin hayaƙi, sa'an nan ya sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sassauta amma muryar injin ba ta canza ba, to nan cutar take.

Ana nan sai zamani ya juya. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya fito da wani sabon tsarin ba inji mai a manyan motoci, Bosch na Jamus ya biyo baya a 1997 da ƙananan motoci, daga baya tsarin ya shiga injinan gini. A wannan tsari, famfo yana tara man gas a bututu guda, da matsi da kan kai ba 2,000, wato kusan ninki dubu na iskar tayar ƙaramar mota. Daga nan ƙwaƙwalwar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke ba kowane injekta umurnin buɗewa. Ƙwaƙwalwar nan kuwa makauniya ce, ba ta san komai ba sai abin da sensa ta gaya mata. Akwai sensar matsin bututu, akwai ta matsin man da ke fitowa daga tanki, akwai ta ruwa a cikin mai, akwai ta zafi.

Tun 2018, da aka fara sabunta hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano, ga kuma aikin gadar sama ta Ƙofar Doka, irin waɗannan injina suka yawaita a idonmu, ƙananan 'yan kwangila ma suka shiga sayen na hannu. Aiki ya ƙaru a gari, amma sallamar asuba ta ragu a zauren Kawu. Tsohuwar dabararsa ma ta zama haɗari, domin man da ke fita da irin wancan matsi yana huda fata, har ya kai ga yanke yatsa. Na ga mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba yana lissafin kwanon masara.

Wata damina aka zo neman sa saboda wani injin haƙa da ya kwanta a bakin aikin magudana, na raka shi. Injin yana tashi amma ba ƙarfi, domin ƙwaƙwalwar ta rage masa gudu don kare shi. Kwana shida ke nan leburori suna zaune ba lada. An riga an kira wani matashi mai kwamfuta, ya karanta lamba 157 da 3, ya ce sensar matsin bututu ta mutu. Aka sayo sabuwa daga Kano da tsada, aka ɗaura, lambar nan ba ta gusa ba.

Kawu ya ce da shi, “Ɗan nan, me lambar ta ce? Faɗa mini da Hausa.”

Yaron ya ce, “Baba, a tsarin J1939, 157 na nufin matsin bututu, 3 kuma na nufin wutar da ke komawa ƙwaƙwalwa ta wuce ƙa'ida.”

Kawu ya yi shiru, can ya ce, “To ai ba ta ce sensa ta mutu ba. Da can in sarkin ƙofa ya aika fada cewa an ga ƙura, abu uku ne: ko dai mahara ne da gaske, ko ɗan aiken ya ruɗe, ko an tare shi a hanya an sauya saƙon. Kun canza ɗan aike, kun duba hanya?”

Aka kawo mitar awon wuta. Sensar nan waya uku gare ta: ɗaya na kawo mata bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun ke mayar da saƙo, wanda a lafiya yake wasa tsakanin 0.5 da 4.5. Yaron ya auna, wutar shiga daidai, amma saƙon ya maƙale a sama ko da an kashe inji an bar makulli a buɗe. Kawu ya bi damin wayoyi da yatsa, taƙi bayan taƙi, har bayan injin, inda ɓera ya ci rigar waya, tsatsa ta gama da sauran. Aka haɗa, aka naɗe, aka goge lambar. Kafin la'asar leburori sun koma bakin shebur.

Daga abin da na tsinta a bakinsu, yawancin lokaci sensa gaskiya take faɗa. In lamba 94 ta ce matsin mai ya yi ƙasa, a fara duba filta, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga tanki. In lamba 97 ta ce akwai ruwa, a zubar da kofin da ke ƙarƙashin filta, a kuma tambayi inda aka sayo man, domin gas ɗin durom da aka surka da kananzir yana cinye famfo da injekta. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya toshe bakin sensa don fitilar gargaɗi ta mutu, ya kashe ɗan aike ne, maharan kuwa suna nan tafe.

Yanzu Kawu da yaron nan tare suke fita aiki, ɗaya da kwamfuta, ɗaya da haƙuri. Amma damuwata ba ta ƙare ba. Zariya gari ne na Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Nuhu Bamalli, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, duk da haka yaran garejin cikin birni ba su da ko ɗan littafi guda da zai fassara musu waɗannan lambobi da harshensu. Mu marubuta mun cika kasuwa da labaran soyayya, ba laifi ba ne, amma hannun da ke gina mana hanya yana jiran alƙalaminmu. Birnin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa masallaci bai kamata ya rasa masu rubuta sanin gwanayensa ba. Kunnen Kawu ya fara nauyi, kuma abin da ke cikin kansa bai shiga takarda ba tukuna. Allah Ya ba mu ikon rubuta shi tun yana iya gyara mana.