Sama da ɗari bisa ɗari, ta yaya?

Wata rana mun karanta sanarwar rigakafi a rediyo, muka ce an yi wa yara sama da ɗari bisa ɗari allura. Nan take wani dattijo ya bugo waya: "Ɗana, yaran aljanu kuka haɗa da su?" Muka yi dariya, amma wallahi ba mu da amsa. A lise mun yi lissafi da Faransanci, ba wanda ya taɓa nuna mana wannan.

Wani majo ne, shugaban wata likita ta karkara, ya warware mana. Yawan yaran da ake raba lissafin da shi kiyasi ne daga ƙidayar 2012. Mu kuwa nan ƙasar Gure, makiyaya na saukowa da iyalansu, ranar kasuwa baƙi na cika gari. A yi wa ɗan baƙo allura, ya shiga lissafi alhali ba ya cikin kiyasin. Sai adadi ya haura ɗari, a tafa, ga kuma wata ruga can bayan tudun rairayi da ba a taka ba. Yaranta fa?

A Amurka ma'aikacin jinya na kaiwa har digirin dokta, kuma ana koya masa ilimin ƙididdiga, istatistik. Ba sabon abu ba ne: Florence Nightingale da alƙaluma ta nuna cuta ta fi harsashi kashe sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya, har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta a 1858.

Mu ba dokta muke roƙo yau ba. Amma kowane adadi da ke isa Yamai, daga rajistar anfirmiye ya fito, shi ya cike shi da dare bayan ya sallami marasa lafiya. Sanƙarau ma da lissafi ake gane ta: hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya, annoba ce. Damagaram ta ga haka a ƙarshen 2022.

Don haka muke roƙon makarantun kiwon lafiya na Damagaram da Yamai: a koya wa ɗalibi tuhumar adadi, ba cike takarda kaɗai ba. Mu ma yanzu, in sanarwa ta zo, sai mun tambaya: ɗari na nawa, kuma wa ya ƙirga?