Allurar mai yana da madubin likita

Kafin a tashe mu daga tsohon Zango na tsakiyar Lome a 1977, a mai da mu can Agoè, akwai wani baƙo da kan biyo fataken shanu daga arewa, da 'yar jakar fata a rataye. Ba wanda ya san sunansa. Mai yana kawai ake ce masa.

Ina ɗan shekara tara aka kira shi ya duba Kaka. Ya zaunar da ita kan tabarma a tsakar gida, inda rana ta fi haske, Kawu ya riƙe mata kai tamau. Mai yana ya soka allura ta gefen farin idon, ya danna abin da ya dushe har ya nutse ciki, sannan ya ɗaga hannu.

"Inna, yatsu nawa?"

"Uku," in ji Kaka. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya karɓi kuɗinsa da zakara, ya ƙara gaba. Ba a yi wata ba idon ya yi jawur, ciwo ya hana ta barci, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake gani da shi ba.

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, amma yanzu na ɗan sassauta. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Lalube ne dai yake yi a cikin duhu, kuma likitocin Turai ma sun daɗe suna wannan laluben. Sai a 1921 wani likita a Suwidin, Carl-Olof Nylén, ya fara leƙa kunnen majinyaci ta madubi mai ƙara girman abu yana yi masa aiki. Kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da madubin tiyata na sosai a 1953. Daga nan sai ƙofa ta buɗe: a 1960 Julius Jacobson a Amurka ya ɗinke jijiyoyin jini da kaurinsu bai kai milimita biyu ba, a 1965 kuma Komatsu da Tamai a Japan suka mayar wa wani mutum babban yatsansa da ya guntule. Zaren irin wannan ɗinki ya fi gashin kai siranta. Mahautan unguwarmu da na ba su labarin, dariya suka yi mini.

Ashe ma yana ba wani mayafi ba ne da ke rufe ido, kamar yadda muka ɗauka. Ɗan gilashin halitta ne na cikin ido yake dushewa. Mai allura yakan ture shi ya bar shi a ciki, ba tare da ya sa komai a gurbinsa ba. Wanda ya fara sa na roba shi ne Harold Ridley, a asibitin St Thomas na Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgi da ya shiga idanun matuƙa jiragen yaƙi bai dame su ba. Wannan Ridley, a lokacin yaƙin duniya na biyu, a Gana maƙwabciyarmu ya yi aiki, yana binciken makantar da ƙudan rafi ke jawowa.

Da jirgin asibiti na Africa Mercy ya tsaya a tashar ruwan Lome a 2010, yana ta riga ta rufe wa Gwaggo ido biyu. Ta ce atafau ba za ta je ba, ita da ta riƙe ƙwaryar ruwa ranar da mai yana ya yi wa uwarta, Kaka, aiki. Da ƙyar muka lallashe ta. Aikin bai kai rabin awa ba. Washegari da aka ɗaye bandejin, ba ta ko dube ni ba. Zanen jikinta ta ƙura wa ido, atamfar da na sayo mata a kasuwar Asigame shekara biyu kafin nan.

"Kai, wa ya ce maka ina ɗaura ruwan ɗorawa?"