Kafintan Edinbara da ya ci kambun duniya a gidan wasu

Duk lokacin da samari suka kawo mini hirar damben Turawa, sunan Roberto Durán ne ke fara fita daga bakinsu. In an yi sa'a wani ya ambaci Ken Buchanan, to, a matsayin wanda Durán ya doke zai ambace shi. Mu da muka ga jiya muka ga yau mun san haka duniya take yi wa mutum: ya shekara goma sha bakwai yana aiki, a riƙa tuna shi da dare ɗaya.

An haifi Buchanan a Edinbara, babban birnin Sikotlan, a 1945. Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa ya kai shi kulob ɗin Sparta, inda yara ke koyon dambe ba don kuɗi ba. A can ya samo makamin da ya rayu da shi, wato hannun hagu mai saurin tsiya, wanda yake ta dungurin fuskar abokin karawa da shi har ya hana shi sakat. Ba naushi ne mai sa 'yan kallo ihu ba. Amma turmi goma sha biyar ake yi a wasan kambu a zamaninsu, kuma wanda aka yi ta dungura tun turmin farko, kafin na goma idonsa ya kumbura, zuciyarsa ta ɓaci, dabara ta gudu. A 1965 ya ci gasar ABA ta masu damben da ba na kuɗi ba a Birtaniya, a ajin da ke ƙasa da wanda ya yi suna a cikinsa daga baya, ya shiga damben kuɗi a shekarar. Kafin nan kuwa ya riga ya koyi kafinta. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da mutumin nan shi ne yawo. Manajansa Eddie Thomas a Merthyr Tydfil yake, can Wales, don haka tun farko ba a gida ya girma a sana'ar ba. Ya ci kambun Birtaniya na ajin marasa nauyi, masu kilo 61 da ɗoriya, a 1968, da ya kwantar da Maurice Cullen a turmi na 11 a Landan. A farkon 1970 ya je Madrid neman kambun Turai, alƙalai suka ba Miguel Velázquez. Wannan ce faɗuwarsa ta farko. Wani da ya koma gida yana ƙorafi. Shi kuwa a Satumban shekarar ya hau jirgi zuwa San Juan ta Puerto Rico, ya tari mai riƙe da kambun duniya, Ismael Laguna ɗan Panama, a fili, cikin rana mai ƙuna. Ku duba mutumin da ya tashi a ƙasar hazo da sanyi, fatarsa fara fat, sai da aka nemo lema ana kare shi tsakanin turmi da turmi. Ya kai ƙarshe, alƙalai biyu cikin uku suka ba shi. Ya zama zakaran duniya na hukumar WBA.

Sai dai hukumar damben Birtaniya ba ta amince da WBA ba a lokacin, saboda rigimar da ke tsakaninsu. Ga kambu a hannu, babu halin kare shi a gida. Kamar ɗan damben gargajiya ne da ya yi kisa a kowane gari bayan kaka, amma makaɗan garinsu ba su taɓa yi masa kiɗa ba. Amurkawa ne suka rungume shi. Marubutan dambensu suka zaɓe shi gwarzon 1970, shekarar da Joe Frazier da Muhammad Ali duk suna fage. A Disamba ya yi wasa a Madison Square Garden daren da Ali ya kara da Oscar Bonavena, har suka yi tarayya a ɗakin sauya kaya. Shi da bakinsa yake ba da labarin yadda ya ja layi da alli a tsakar ɗakin, cikin raha, ya gargaɗi Ali kada ya tsallako. A 1971 ya doke Rubén Navarro a Los Angeles ya haɗa da kambun hukumar WBC, ya sake doke Laguna a New York.

Daren 26 ga Yuni 1972 ne ya zo da Durán, yaro ɗan shekara 21 mai faɗa kamar an aiko shi. Gaskiya ɗaya ce, Durán ne ke gaba a takardun alƙalai. Amma a ƙarshen turmi na 13, an kaɗa ƙararrawa suna ta musayar naushi, sai duka ya sauka ƙasa da ɗamara. Buchanan ya faɗi yana murƙususu, alƙalin wasa Johnny LoBianco ya tsayar da faɗan ya ba Durán. Ba a sake haɗa su ba har abada. A ganina rashin ramuwar ya fi dukan ciwo. Wanda aka kayar da shi sarai yakan haƙura ya kwana. Wanda aka bari da "da ma" shi ne ke juyi a shimfiɗa har tsufa, kuma na ga irinsu da yawa a kasuwa da wurin rabon gado.

Bai zauna ba. A Janairun 1973 ya je Glasgow ya doke ɗan ƙasarsu Jim Watt, bahago, a turmi goma sha biyar. Watt ɗin nan, wanda Jonathan Dele ya doke a Legas a 1975, shi ne ya zo ya ci kambun WBC a 1979 a gaban mutanen garinsu, gatan da Buchanan bai taɓa samu ba. Rabo ke nan. Buchanan ya ci kambun Turai a Italiya a 1974, ya je Tokyo a 1975 Guts Ishimatsu ya fi shi maki.

Daga nan labarin ya zama irin wanda muka saba ji. Ya ajiye safar hannu, ya buɗe otal a Edinbara, aure ya mutu, dukiya ta bi ruwa. Ya dawo fage a 1979 ƙafa ta riga ta yi nauyi, ya sha kashi a wasanninsa na ƙarshe a hannun yaran da a da ba za su taɓa ko gashin kansa ba. Ya tsaya a 1982 da nasara 61, faɗuwa 8. Abin da ya ci da shi bayan haka zarto ne da guduma. Zakaran duniya ya koma wurin gini yana auna katako tare da sauran ma'aikata, kuma ban ga abin kunya a ciki ba ko kaɗan. Wanda ya sa shi koyon kafinta tun yana saurayi ya yi masa gatan da masu shirya wasa ba su yi masa ba.

An sa shi cikin jerin manyan 'yan damben duniya a Amurka a 2000. Garinsu kuwa sai a 2022 ya kafa masa mutum-mutumi, shekara 52 bayan San Juan, lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama shi. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu 2023 yana da shekara 77.