Uwar 'Ya'ya da Motsa Jiki

Hausawa kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma duk wanda ya lura da matar aure mai ƙananan yara a ƙasar Kiru zai ga cewa ita ke kiwon lafiyar kowa a gida, tata kuwa sai in lokaci ya ragu.

A da, matan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba su buƙatar ware wani lokaci don motsa jiki, domin aikin yini ya ɗauke musu. Mace za ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa gaban dutsen niƙa, sannan ta ja ruwa da guga. In biki ya kama a ƙauyen da ke kusa, a ƙasa za ta je, da goyo a baya. Yanzu a gidaje da dama inji ya karɓi aikin turmi da dutse, babur ya karɓi tafiyar ƙafa. Wannan sauƙi alheri ne, babu mai fatan komawa wahalar da. Sai dai abin da aikin nan yake yi wa zuciya da gaɓoɓi ya tafi tare da shi, tuwo da fura kuwa suna nan yadda suke.

A ɗauki misalin malamar firamare mai 'ya'ya uku. Tun asuba take hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta hau babur zuwa makaranta. In ta taso, ga girki, ga wanki, ga duban littattafan ɗalibai. Da za a ce mata ta motsa jiki, cewa za ta yi gajiyar da take kwana da ita ta isa. Gajiyar tata gaskiya ce, amma yawancinta ta tsayuwa ce da sunkuyo da ƙarancin barci. Motsin da ke tsare mutum daga hawan jini da ciwon suga shi ne wanda zuciya za ta ƙara bugawa, numfashi ya ɗan hau, alhali mutum yana iya magana.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya yi irin wannan motsi na minti 150 zuwa 300 a mako. Mai ciki da mai jego ma an so su sami minti 150, matuƙar babu larurar da likita ya hana saboda ita. Wannan bai wuce rabin awa a kwana biyar na mako ba, kuma ko an gutsuttsura shi yana da amfani. Da ɗaya-ɗaya ai ake gane dami.

Don haka malamar nan tana iya sauka daga babur tun da sauran tafiyar minti goma, ta ƙarasa da sassarfa. Tana iya barin geron fura ta daka da hannunta. Da yamma ta shiga gaɗa tare da 'yan matanta a tsakar gida. In tana da abokiyar zama, ranar da ba girkinta ba sai ta ce, "Yaya, ga yaran nan, zan taka zuwa gidan Inna in dawo."

Babban cikas shi ne kunya, wai kada a ce babba da ita tana tsalle-tsalle. Alhali ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Maigidan da ya san haka ba zai ga nauyin riƙe jariri na ɗan lokaci ba, domin ranar da uwar gida ta kwanta ciwo, gidan ne gaba ɗaya ya kwanta.

Malaman gobe su ma da nasu rabon aikin. Kada a sa maza ƙwallo a bar 'yan mata a inuwa suna gadin jakunkuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yarinyar da ta saba da motsi a firamare kuwa ba za ta ji kunyarsa ba ranar da ta zama uwa.