Ina motar likitoci take kwana?

Mu mutanen Maijirgi ba a lakwal muka koyi tsoron baƙo mai bindiga ba, gadonsa muka yi. A nan wajenmu ne sojojin Voulet da Chanoine suka juya suka harbe su a watan Yuli na 1899, bayan ɓarnar da suka yi a Birnin Konni da garuruwan hanya. Amma yau maganar wani baƙon ce, mai zuwa da sikeli da ɗan zaren auna damtsen yaro.

Tun yunwar 2005 muka saba da fararen motocin nan a hanyar Tasawa. Duk macen da ɗanta ya taɓa yin tamowa ta san ranar awo ba sai an tuna mata ba. Mu dai muna ganin masu agaji sun zo, sun tafi, ba mu cika tambayar wa ke tsaronsu ba.

Ku tuna Dakoro, nan cikin jiharmu ta Maradi. Daren 14 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka dira gidan da ma'aikatan ƙungiyoyin BEFEN da Alerte Santé ke kwana, suka tafi da mutum 6. Ba Bature ko ɗaya cikinsu: biyar 'yan Nijar, ɗaya ɗan Chadi. Shi ɗan Chadin raunin harsashi ya yi ajalinsa, sauran aka sako su farkon Nuwamba. An ce wani ɗan Italiya suka zo nema. To, wa ya gaya musu akwai baƙo a garin? Wa ya nuna musu ƙofa? Abin da ke hana mu barci ke nan, don iska ba ta kai irin wannan labari.

A Kure kuma, 9 ga Agusta 2020, mutum 8 aka kashe. Duniya ta fi jin Faransawa 6, alhali da direba da ɗan jagora, namu ne.

Daga nan hukuma ta tsaurara, baƙon waje ba ya shiga ƙauye sai da rakiyar soja. Ba mu ga laifinta ba. Sai dai rakiya na cin kuɗi da lokaci, kuma motar da ke tafe tsakanin bindigogi, wani ba ya ƙara kallonta a matsayin motar magani. Ƙarshenta nauyin ya koma kan ɗan gida, malamin asibiti da babur ɗinsa, shi kaɗai cikin rairayi zuwa ƙauyukan Mayahi.

Mu kuma fa? Mota na tsayawa, yaranmu sun ɗauke ta hoto, ga lamba, ga fuskar direba, sai WhatsApp. A tasha wanda ba a sani ba ya ce, "Ina likitocin nan suke sauka?" sai mutum uku su yi rige-rigen kwatance, wai karamci. Wallahi mun yi, kar mu ɓoye.

Ranar kasuwar da ta wuce wani ya yi wa mai shayinmu irin wannan tambaya. Ya zuba masa shayi, ya ce, "Malam, ƙofar mai gari na can gabas, je ka gaishe shi tukuna."