Daga Kogin Wudil Zuwa Ajingi: Tsere Uku A Yini Guda

A ƙasar Hausa babban mutum ba ya gudu. Wannan doka ce da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san da ita. In aka ga magidanci mai furfura ya tattare riga ya sheƙa a guje, to ɗayan uku ake zato: ko gobara ta tashi, ko an biyo shi, ko kuwa kansa ya taɓu. Wannan ne ya sa na daɗe ina jan ƙafa kafin in kawo labarin nan gaban 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla tamu, domin labari ne na malamin makaranta ɗan shekara 46, mai mata da 'ya'ya, wanda ya yini yana iyo da tuƙa keke da gudu alhali ba wanda ya biyo shi.

Bari in fara gaya wa mai karatu mafarin abin, don kada ya yanke mini hukunci tun kafin ya ji ta bakina. Mahaifinmu ya rasu yana da shekara 51, bayan ya yi wata takwas a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ni ne na riƙa juya shi a kan shimfiɗa, saboda haka na san abin da ciwon nan yake yi wa mutum. To, ran nan a 2023 na je asibiti da ciwon kai, aka gwada ni, likita ya ce jinina ya hau, 160 bisa 100. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe rabonka da ka yi gumi?" Na yi shiru, don kuwa daga gida sai kan babur, daga kan babur sai gaban allo. Da na dawo gida na tarar da autata, 'yar shekara 4, tana wasa a tsakar gida. Na ƙirga shekarun da suka rage mini in kai na mahaifina, na ga 5 ne ko 6. Daren nan barci sai ɓarawo.

Ana cikin haka sai gwamnati ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Albashin malami kuwa yana nan inda yake. Dole ta sa na jingine babur a zaure, na ciro tsohon kekena Phoenix daga ɗakin shirgi, mai faci ya sa masa sabuwar taya da sarƙa. Abin da likita ya faɗa ban yi ba, sai ga shi tsadar mai ta sa ni yi. Cikin wata uku na ji jikina ya saki, numfashina ya daidaita.

Wani yaro mai yi wa ƙasa hidima da aka turo makarantarmu a Gaya shi ya fara nuna mana gasar a wayarsa, muna zaune a ɗakin malamai. Turawa na kiranta tirayatalon, wato tsere uku a jere ba hutu: iyo, sannan keke, sannan gudu. An fara ta a tsarinta na yanzu a San Diego ta Amurka a 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Babbarta ita ce Ironman, ma'ana mutumin ƙarfe, wadda aka fara a Hawai a Fabrairun 1978: iyo na kilomita 3.8, keke na kilomita 180, gudu na kilomita 42. Mutum 15 suka shiga ta farko, 12 suka kai ƙarshe, wanda ya yi ta ɗaya, Gordon Haller, ya ɗauki awa 11 da minti 46. Hoton da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata mata, Julie Moss, a gasar 1982. Ita ce a gaba har aka hango ƙarshe, sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta faɗi, wata ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe.

Malamin tarihi ya yi dariya ya ce, "In dai batun ƙarfe ne, ai a gidansa kuke zaune. Ba maƙeran Gaya ne aka ce sun ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijiyar Daura ba?" Daga raha sai magana ta zama gaske. Malamin motsa jiki ya ɗauki alli ya zana mana tamu daidai ƙarfinmu. Za mu haye kogin Wudil da iyo mu dawo. Daga nan mu hau keke zuwa Gaya, mu koma Wudil, mu sake dawowa Gaya, sawu uku ke nan, kimanin kilomita 60. Sannan mu ajiye kekuna mu kama gudu zuwa Ajingi, tafiyar kilomita goma sha wani abu. Mu bakwai muka sa hannu: ni, da shi malamin motsa jikin, da masu hidimar ƙasa biyu, da tsofaffin ɗalibanmu uku. Ba kofi, ba kuɗi, ba alƙali sai wani abokinmu da zai bi mu a babur da jarkar ruwa.

Da labari ya bazu, yayana ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Yanzu kai da girmanka, ɗalibanka su gan ka da gajeren wando kana tsere a bakin titi? Me za ka ce wa surukanka?" Na ce, "Yaya, wandon dogo ne, har idon sawu. Kuma gara su gan ni ina gudu da su gan ni ana juya ni." Ya daɗe bai ce komai ba, don tare muka yi jinyar tsohon. Can ya ce, "Allah Ya tsare." Uwargida kuwa ba ta yi musu ba, sai dai ta ce, "Malam, in ka ji jiri ka tsaya, don Allah."

Muka sa wata Asabar a cikin Janairun 2024, da tunanin mun guje wa zafin bazara. Sai ga shi ranar hunturu ya zo da dukkan rundunarsa. Tun asuba hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faifai, mutum ba ya ganin abin da ke gabansa da nisa. Ƙurar nan, kamar yadda muke koya wa yara a aji, iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Na sha rubuta wannan a allo, amma ban taɓa kawo wa raina cewa Gaya tana gabas da Wudil, Ajingi kuma tana arewa da Gaya, wato kusan duk tafiyarmu gaba da gaba za mu yi da iskar ba, sai da na tsaya a bakin kogi ina karkarwa.

Kogin Wudil haɗuwar Kogin Kano ne da na Challawa, shi ne kuma yake wucewa Ringim da Haɗejiya. Saboda ruwan da ake saki daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, ba ya rasa ruwa ko da rani. Mun roƙi wasu masunta biyu su raka mu, ɗaya a kwale-kwale, ɗaya a kan gora. Da ƙarfe bakwai da rabi muka faɗa. Sanyin ruwan ya buge ni a ƙirji kamar an maka mini taɓarya, numfashina ya sarƙe, na shiga dukan ruwa ba kan gado. Iyon da na iya na kududdufi ne, wanda ruwansa ba ya tafiya. Wannan kuwa yana jan mutum gefe a hankali. Na hayo lafiya, amma a dawowa, a tsakiyar kogi, jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure tam. Saurayin nan na kan gora ya matso kusa da ni ba tare da ya taɓa ni ba, ya ce, "Malam, kada ka yi faɗa da shi. Kwanta rigingine, ka bar shi ya ɗauke ka, ka riƙa karkata kaɗan-kaɗan." Na yi yadda ya ce. Na fito can ƙasa da inda muka shiga, na ƙarshe a cikinmu, haƙorana suna haɗuwa. Shi kuwa ya juya abinsa ya koma ga komarsa.

A kan keke ne na san iska tana da nauyi. Hanyar Wudil zuwa Gaya shimfiɗaɗɗiya ce, amma ji na riƙa yi kamar ina hawan dutsen Dala. In babbar mota ta wuce sai ta watsa mini ƙura, keken ya yi tangal-tangal. Na ɗaure hanci da baki da rawani, duk da haka ina jin yashi a haƙorana, leɓɓana suka tsage. Komawa Wudil kuwa daɗi, iska na tura ni daga baya har ina jin kaina yaro. A sawu na uku ta karɓi bashinta. Sharrin hunturu shi ne gumi yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Shi ya sa malamin motsa jiki ya tilasta mana shan ruwan gishiri da sukari, lita guda da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, ko da ba ma jin ƙishirwa. Ya kuma yi mana bayanin cewa sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka bai fi na aikin awa biyu ba in ana aiki tuƙuru, saboda haka muka cika aljihu da dabino da ƙuli-ƙuli.

Ina cikin wannan fama sai na ji ƙararrawa a bayana. Wani dattijo ne a kan tsohon Raleigh, da buhun gero ɗaure a bayansa, yana tuƙi a natse kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya jera da ni ya ce, "Sannu, Malam. Lafiya kake haki haka?" Na ce, "Tsere muke, Baba." Ya waiga bai ga kowa ba. Ya ce, "To, ka sunkuyar da kai, ka daina taka shi da fushi. Iska ba a yi mata gaggawa." Ya wuce ni da buhunsa, hazo ya haɗiye shi.

Na iso Gaya ana kiran azahar. A nan na tarar biyu daga cikinmu sun haƙura, ɗaya sarƙarsa ta tsinke, ɗaya kuma tari ya sarƙe shi. Na yi salla, na sha kunu, na ɗaura takalmin gudu. Mai karatu, duk wanda bai taɓa sauka daga keke bayan awa huɗu ya ce zai yi gudu ba, ba zai gane ba. Ƙafafun kamar na aro. Kuma a cikin gari ne, inda kowa ya san ni. Na bi ta gaban masu shayi da majalisar dattawa, ina jin idanu a bayana. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, me ya biyo ka?" Aka fashe da dariya. Wannan taku ɗari biyu na cikin gari ya fi mini kogin wuya.

Da na fita gari sai gonaki fetal, an girbe, ba komai sai karan dawa da kuka tsirara. Na yi gudu, na koma sassarfa, na koma tafiya, na sake gwada gudu. Wajen rabin hanya na wuce ɗaya daga cikin masu hidimar ƙasa zaune a gindin tsamiya, ya cire takalmi, ƙafarsa duk ta yi bororo. Ba da jimawa ba ni ma duniya ta fara juya mini. Na tuna maganar uwargida, na tsaya, na dafa gwiwa. Abokinmu mai babur ya ce, "Hau mana, ai ka yi ƙoƙari, ba wanda zai ce komai." Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai ce komai. Na zauna minti goma, na sha ruwa, na ci dabino biyar, na jira har jirin ya wuce sarai, da niyyar in ya dawo in hau babur ɗin. Bai dawo ba.

Sauran hanyar tare muka yi ta da wata Bafulatana mai tallan nono, da ƙwarya a ka da goyo a baya. Ni ina abin da nake kira gudu, ita tana tafiyarta, amma na kasa tsere mata. Ta ce tun safe ta fito daga ruga, yanzu take komawa, kuma haka take yi kullum. Da za ta ratse ta sauke ƙwaryar ta ɗebo mini ragowar nono a ludayi, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce, "Sha, Malam, Allah Ya ba da lafiya." Ta ɗauka mara lafiya ne ni.

Na shiga Ajingi bayan la'asar, na huɗu cikin huɗun da suka kai. Yaran gari suka rufa mini baya da ihu, wasu ɗalibaina da suka riga ni zuwa a mota suka tare ni. A bayansu na hango yayana tsaye, ya harɗe hannu a baya. Bai ce komai ba, ya miƙo mini babbar rigata da ya ɗauko daga gida.

Duniya ta san Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi, mu ma nan mun ga yadda aka yi ta yayata Suleiman Hashimu da ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015. Amma masuncin nan da dattijo mai gero da Bafulatana mai nono ba wanda zai rubuta sunansu, alhali abin da na yi sau ɗaya ina nishi, shi suke yi kowace rana don neman abin sawa a baka. Mu da muka yi boko muka samu kujera, mu ne muka mayar da motsa jiki abin kunya, mu ne kuma muka cika layin masu hawan jini da ciwon sukari.

Har yanzu ina shan maganina, ina zuwa gwaji, likita ya ce jinin ya sauka. Bayan sallar asuba mu biyar muke fita zagayen bayan gari, cikinmu har da wanda ya tambaye ni me ya biyo ni. Shawarata ga duk ɗan'uwan da ya haura 40 ita ce ya je a gwada jininsa tukuna, ya ji ta bakin likita, sannan ya fara da tafiyar rabin awa. Kada kuma kowa ya shiga kogi ba tare da masu ruwan ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya jiƙan iyayenmu, amin.